Anti Rabi, wadda ta ƙi ɓata Ja'e

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina saka zare a keke ƙanwar Anti Rabi ta kira ni, wai Allah Ya yi wa Anti rasuwa wajen haihuwa. Jaririyar tana raye.



Yawancinku a WhatsApp kuka san ta, inda take rubuta littattafan soyayya. Ni kuwa uwar ɗakina ce, ita ta koya min ɗinki.

Lokacin da muka baro rugarmu ta wajen Damari muka shigo gari, da an ji Hausarmu sai fuska ta canza. Na bi shaguna ina neman koyon ɗinki, kowa ya ce babu wuri. Ita ko daga ina nake ba ta tambaya ba. Ta ture yadi daga kan benci ta ce, "Zauna. Kin karya kuwa?"

A lokacin karatun bokona sai a hankali. Takan miƙo min wayarta in karanta mata abin da ta rubuta, wai kunnenta ya fi idonta kama kuskure. Sai daga baya na gane ni take koya wa.

Wanda ya bi labarin Zulai ya san rigimar da aka sha. Samari biyu ke sonta: Nura mai shagon cajin waya, da Ja'e makiyayi. Dukkansu masu hankali ne, babu na yarwa. Haka Anti take rubutu, sai ta sa ka ƙaunaci kowa sannan ta bar ka da zaɓi. Guruf ɗin masu karatu ya rabu biyu, har da masu gaba.

Ana cikin haka 'yan daji suka ɗauke mutane a hanya, ciki har da dangin wasu masu karatun. Gari ya ɗau zafi. Saƙonni suka yi ta shigowa: ta sa a gano Ja'e infoman 'yan daji ne, Zulai ta huta. Wasu suka ce in ba haka ba za su fita, suka kuma fita. Wata kwastoma a gabana ta zo ta kwashe atamfofinta.

Na ce, "Anti, ki yi musu yadda suke so mana. Labari ne fa kawai."

Ba ta ko ɗago daga keke ba. Ta ce, "Habi, ni na san yaron nan, ba zai aikata ba. In yi masa ƙazafi don na rasa yadda zan ƙare littafi?"

A ƙarshe Nura Zulai ta aura. Ja'e ya zo ɗaurin aure, ya yi musu addu'a, ya koma wajen shanunsa da mutuncinsa. Na yi fushi sosai, don ni 'yar ɓangaren Ja'e ce, ita kuwa ta yi ta min dariya. Amma yayana, wanda ya daina shiga kasuwa saboda irin kallon da ake masa, sai da ya sa na sake karanta masa labarin tun daga farko.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta a gida. Ƙafafunta sun kumbura, tana zaune a tabarma tana datse zare a jikin wata 'yar riga. Ta ce ni zan riƙe shago har ta yi arba'in. Na ce ina tsoron kwastomomi.

"Ki daina sunkuyar da kai in suna miki magana," in ji ta. "Ɗinkinki ya fi nawa yanzu."

Na ce ta bar zolayata. Ta ce in jawo mata ƙofa in zan fita. Rabuwarmu ke nan.

Allah Ya jiƙan ki Anti, Ya haskaka makwancinki, Ya kyautata miki zato kamar yadda kika kyautata mana. Allah Ya raya abin da kika bari, Ya ba mijinki da iyayenki haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko da yana cikin waɗanda suka fita daga guruf ɗin, ya sa ta a addu'a.