Yaya Awudu da kyaftin ɗinsa da na nutsar

Yaya Awudu ya rasu.

Da safen nan 'yarsa Ramatu ta kira ni daga Bawku, ina tsaye a bakin shago ko buɗewa ban yi ba. Ta ce, "Baba Sumaila, abokinka ya tafi bayan sallar Asuba." Na ce mata to.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da yawanku ba ku san shi ba. A Yendi muka haɗu, a shekarun casa'in, lokacin da na baro Salaga na samu aikin buga takardu a ofishin wani kamfanin sayen auduga. Shi ne mai kula da kwamfuta ɗaya tal da ke ofishin. Ya girme ni da kusan shekara goma. Satin farko ba ni da ɗaki, ya kai ni nasa a zango, unguwar baƙi, ya bar min katifa shi ya koma tabarma.

Wani injiniya da ya zo gyara ne ya bar mana wani wasa a kwamfutar. Kai ne kyaftin na jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku. Ba wasan da ake gamawa a zama ɗaya ba ne. Za ka raɗa wa kyaftin suna, a tura shi sintiri, in ya dawo lafiya a ƙara masa girma, a sake tura shi, haka har yaƙi ya ƙare. In kuwa jirgin ya nutse, shi ke nan, kyaftin ya mutu, sai dai ka fara da sabon mutum.

Yaya Awudu sunan marigayi mahaifinsa ya sa wa nasa. Kyaftin Mumuni.

Mu biyun nan babu wanda ya taɓa ganin teku. Ni dai na taɓa shiga kwalekwale, shi kuwa ruwan da ya sani bai wuce na dam ba.

Duk Asabar in an tashi aiki da rana, sai mu sayo shinkafa da wake mu zauna har La'asar. Shi ke tuƙi, ni ina duba taswira, ƙamus na kan cinyata saboda Turancin ma'aikatan jirgi. In jiragen abokan gaba suka zo samanmu suna sakin bama-bamai, sai ya kashe injin, ya janye hannu daga kwamfutar, ya ce min a hankali, "Yi shiru, Sumaila, suna jin mu." Ni kuma sai in yi shiru da gaske.

Wata takwas yana riƙe da Kyaftin Mumuni a raye. Sintiri goma sha ɗaya. Bai taɓa kai hari ba sai ya tabbatar da hanyar gudu.

Sai aka aiko mahaifiyarsa ba lafiya. Da zai hau lori zuwa Bawku ya ba ni makullin ofis ya ce, "Ka yi wasa da naka kyaftin, ka bar min tsohona ya huta."

Ban ji ba.

So nake ya dawo ya tarar na samo wa Kyaftin Mumuni ƙarin girma, sai na fita da shi sintiri. Na hango jerin jiragen kaya kusa da gaɓa, na afka musu, ban duba zurfin ruwan ba. Da masu gadinsu suka juyo kaina babu inda zan nutsa in ɓuya. Ina kallo ruwa na shiga jirgin ɗaki bayan ɗaki. Babu maɓallin da ban danna ba. Har wayar wuta na fizge daga bango. Da na sake kunnawa, sunan Mumuni na cikin jerin waɗanda ba su dawo ba.

Bayan sati biyu Yaya Awudu ya dawo. Ya riga ya binne mahaifiyarsa a can.

Na yi masa gaisuwa, na kasa faɗa masa ɗayar maganar. Kwana huɗu ina ɗauke da ita. Ran Asabar ya ja kujera ya kunna kwamfuta, ni ina tsaye a bayansa. Ya daɗe yana kallon sunan.

Ya ce, "Ruwan ba zurfi ko?"

Na ce e.

"Mutanensa fa, ba wanda ya fita?"

Na ce babu.

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi min sauƙi. Sai kawai ya tashi ya nuna min kujerar ya ce, "Zauna. Daga yau kai ne direba, ni zan duba maka taswira."

Bai sake buɗe wani kyaftin da sunan kowa ba. Bai kuma sake ta da maganar ba, har kamfanin ya rufe kowa ya koma garinsu. Ni ma ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe min ba. Kullum ina ganin ai wasa ne, zai zama abin dariya. Na girma na gane ba wasan kaɗai na taɓa ba.

Ganinmu na ƙarshe bara ne, a gidansa a Bawku, bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Ya riƙe hannuna da na hagunsa yana ta ƙoƙarin faɗa min wani abu. Sau uku yana maimaitawa. Na kai kunnena bakinsa, ban gane ba. Na dubi Ramatu, ta girgiza kai. Ya gaji ya sake ni. Abin da ya fita sarai daga bakinsa ran nan ɗaya ne: "Ka ci abinci?"

Na ce masa zan dawo bayan Sallah. Sallah biyu ta wuce.

Ramatu ta ce bayan Azahar za a kai shi. Ni ga ni a Salaga. Ko yanzu na samu mota, kafin in wuce Tamale in kai Zebilla an riga an dawo daga maƙabarta. Ba zan ɗauki makararsa ba, ba zan zuba masa ƙasa ba.

Abin da ya rage min ke nan, in roƙe ku.

Allah ka jiƙan Awudu ɗan Mumuni, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna. Ka ba Ramatu da ƙannenta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, in ka idar da Azahar yau ka ɗan tsaya ka ambaci sunansa a addu'arka. Lokacin ne za su sa shi a ƙasa.