Ƙarfen Tsakar Gidan Sista

Shekarar da likita ya ce jinina ya hau, in riƙa motsa jiki, maƙwabciyarmu ce ta ɗauki maganar da zafi fiye da ni. Ma'aikaciyar jinya ce daga kudancin Bauchi, duk unguwa Sista muke ce mata. Ta taɓa aiki a wani ƙauye na bakin teku, inda ta ga mata suna motsa jiki da ƙarfe: a kafa shi a tsaye, mace ta kama, ta hau, ta juya, ta sauko.

Sai ta sayo bututun rijiyar burtsatse, ta kira mai walda. Ya kafa shi a tsakar gidanta, ya zuba siminti, ya ja da baya yana kallo.

"Sista, tuta za a ɗora ko eriya?"

"Mata za a ɗora," in ji ta.

Ya kwashe kayansa ya tafi.

Bayan la'asar muke haɗuwa, a sa wa ƙofa sakata. Da ni, da wasu malaman makaranta, da Hajiya mai sayar da wake a kasuwar Azare, wadda in ta shiga adaidaita sahu ba a ƙara fasinja. Da farko babu wadda ƙafarta ta bar ƙasa, sai santsi. Sista ta hana shafa mai ranar darasi, muka riƙa zuwa fururu kamar daga injin niƙa muke.

Hajiya ce ta fara kaiwa sama. Hannun da ya saba jan buhu ba wasa ba ne. Ta yi bisimilla, ta yi nishi, sai ga ta a ƙoli ta naɗe ƙafa. Muka ɗau guɗa. Ita kuwa ta tsaya tana leƙe-leƙe.

"Hajiya, sauko a hankali," in ji Sista.

"Dakata tukuna. Ashe matar Malam maƙwabcinki firji biyu gare ta? Kuma jiya ta ce min ba ta da ƙanƙara!"

Daga can sama ana hango gidajen unguwa kamar a faifai. Labari ya bazu, aji ya cika. Matan da ko tsani ba su taɓa hawa ba suka dage, wata har daga Gadau take zuwa, alhali ba ta san kowa a unguwar ba. Na ce wa Sista ai ba don lafiya suke yi ba. Ta ce, "Malama, jini bai san dalili ba. Su dai hau."

Ranar da na kai sama, gidana na fara dubawa. Ga maigidana tsugune a bakin murhu, ya buɗe tukunyar miya yana tsamo nama da murfin kwano. Ya ɗaga kai, muka haɗa ido. Ya haɗiye, ya ce, "Sannu da aiki." Na ce, "Yauwa, sannu da naka."

Maƙwabta suka ƙara wa katangunsu bulo. Sista ta sa aka ƙara wa ƙarfe tsawo. Suka ƙara, ta ƙara, har ya zama ana hango shi daga titi.

Wata safiya Sista tana wurin aiki, masu gyaran wuta suka zo unguwa, suka ga dogon ƙarfe tsaye ba ya aikin komai. Suka jingina tsani ta bayan katanga, suka ɗaura masa waya, suka ja ta zuwa layin baya.

Mun zaci aji ya mutu. Hajiya ta daɗe tana duban wayar, sannan ta ce a kunna ƙwan zaure, a ajiye mutum ɗaya yana gadinsa: in ya kama, an kawo wuta ke nan, kowa ta diro. Haka muka ci gaba har damina, ƙwan bai katse mana darasi ba. Sista da kanta ta hau ta kwance wayar, ta mayar da ita igiyar shanya.