Ƙwan Zabin da Mahaifina Ya Ɓare da Hannunsa

Shekarun baya, ina shekarata ta biyu a makaranta a Talata Mafara, aka kira ni wata Laraba da hantsi aka ce in zo gida Maradun, mahaifina ya faɗi a shago. Hawan jini ne. Ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, aka sallamo shi ɓarin jikinsa na dama a shanye. Ƙafar ta fara dawowa da wuri, bakin ma ya daidaita har ana gane maganarsa. Hannun ne ya ƙi. Yatsun suna motsi kaɗan, amma ba su iya riƙe komai da ƙarfi.

Mahaifina maɗinki ne, mai aikin allura a wuyan riga. Fiye da shekara talatin da waɗannan yatsu yake ciyar da mu. Mutum ne da bai son a yi masa abin da zai iya yi wa kansa, ko butar alwala shi yake cika abarsa. Ana cewa ni na gado shi wajen shiru da bin ƙwaƙƙwafi, sai dai shi allura ya riƙe, ni biro.

Da ya dawo gida sai matsalar abinci ta taso. Ya ƙi ci da hagu, ya kuma ƙi a ba shi a baki. Limamin unguwarmu ya zo har ɗaki ya ce masa lalura ce, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame. Ya ce, "Na sani, Malam. Zuciyar ce ta ƙiya." Kunu da fura kawai yake sha, don su yana iya tallafe kofin da hannu biyu. Likita kuwa ya ce maganin da yake sha yana son abinci, in ya ci gaba a haka jikin ba zai ɗauka ba. Muna kallo rigunan da ya ɗinka wa kansa suka fara yi masa yawa.

Lokacin damina ce, zabi suna ƙwai. A gidanmu akwai wata al'ada da ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba sai da ta tsaya. Kowace damina kawuna, ƙanen mahaifiyata da ke Faru, yakan kawo mana ƙwan zabi a ƙwarya, an binne su cikin ƙaiƙayi saboda gargadar hanya. A dafa, bayan la'asar mahaifina ya zauna a tabarma ya jawo akushin gabansa, shi ke ɓarewa. Ɓawon kan fita gida biyu ko uku, ƙwan ya fito sumul ba ko ƙwarzane. Na farko na mahaifiyata ne, sai mu 'ya'ya bi da bi, nasa ne na ƙarshe.

Da kawu ya ji halin da ake ciki, ya hau babur ya zo. Bayan doguwar gaisuwa da ya-jiki, ya ajiye ƙwaryar ya ce wa mahaifiyata, "Yaya, waɗanga na yau ne. Da kaina na bi gurbi da sahe na kwaso su, ko kwana ɗaya ba su yi ba." Ta yi ta sa masa albarka, nan take ta ɗora tukunya. Bai jira aka sauke ba, don yana son ya koma da sauran rana. Kowa ya san hatsarin hanyar in duhu ya yi.

Da ƙamshin yajin da take dakawa ya kai ɗaki, sai muka ji muryar mahaifina: "Ku miƙo mini guda." Tun da ya kwanta, ranar ce ta farko da ya nemi abinci da bakinsa. Mahaifiyata ta yi maza ta zuba a akushi ta kai masa.

Ya riƙe ƙwan da hagu, ya buga shi a bakin akushi, ya sa babban yatsansa na dama. Ɓawon ya ƙi fita. In ya samu ya ɓantari kaɗan, sai ya taho da farin ƙwan manne a jiki. Ya yi ta fama, gumi yana tsattsafo masa a goshi, har ƙwan ya koma kamar wanda kaza ta tsattsaga. Daga ƙarshe ya suɓuce ya gangara ƙasa. Bai bi shi da ido ba. Hannunsa ya ɗaga yana kallo, ya daɗe, sannan ya ce a hankali, "Ko ƙwai." Ya juya fuskarsa bango. Ranar ko kunun bai sha ba.

Na kwashe sauran na kai madafa, na zauna ina ɓarewa don kada su lalace. Abin mamaki, ni ma da lafiyayyun hannuwana biyu, haka suka yi mini. Duk wanda na ɓare sai ya fito a yayyage. Na so in koma in gaya masa, amma ni ba mai iya doguwar magana a gabansa ba ne, kuma na san zai ɗauka lallashi ne.

Maimakon haka sai na yi wata dabara da a lokacin na ɗauka hikima ce. Washegari na ɗauki ƙwai guda cikin waɗanda ban ɓare ba, na tsattsaga ɓawon a hankali da bayan cokali, na ɗan ɗaga shi da tsinke, na mayar na lallaɓa shi yadda ba za a gane ba. Na kwashe kusan rabin sa'a a kan wannan aiki, ina jin kaina gwani. Na kai masa na ajiye, na koma gefe.

Ko ɗauka bai yi ba. Ya dube shi sau ɗaya ya ce, "Wa ya taɓa wanga?"

Bai jira amsata ba.

"Shekara talatin ina duban baƙin zare bisa baƙin yadi, kai kana ganin tsagar ƙwai za ta ɓace mini?" Bai ɗaga murya ba. Ya tura akushin da bayan hannu. "Hannu ne ya mutu, ɗan boko, ba ido ba. Kada ka sake."

Har yau in na tuna sai na ji kunyar ta dawo sabuwa. Tausayi na je yi, na ƙare da nuna masa cewa ni ma na yarda ya gama.

Na koma makaranta saboda jarrabawa, amma hankalina yana gida. Na samu wani littafin rubutu na ja layuka, na fara gwaji a kan risho: yau in sa gishiri a ruwan, gobe kanwa, jibi in ƙara minti. Kowanne sai na rubuta abin da ya fito. Wata rana ya yi kyau, wata rana ya ƙi, na kasa gano dalili. Abokina da muke ɗaki ɗaya, mutumin Bakura, ya gaji da warin ƙwai ya fizge littafin ya duba.

"Kai Malam, digirin ƙwai ka zo yi nan? Wanga tebur ko na lissafi bai kai shi layi ba."

Ya yi ta dariya har ya lura ni ban yi ba. Da na ba shi labari sai ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Shirya, Asabar mu tahi gida. Inna ta shekara ashirin tana sai da dahwahhen ƙwai bakin tasha. Abin da kaka nema yana hannunta."

Mun same ta a tsakar gida tana jera ƙwai a faranti. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi karatu, ta tambayi ruwa, ta tambayi mai jiki. Da aka zo kan abin da ya kawo ni sai kunya ta kama ni. Ƙato da ni, na zo tun daga wani gari in tambayi dattijuwa yadda ake ɓare ƙwai. Abokina ne ya yi bayanin, ina sunkuye ina kallon tabarma.

Ba ta yi dariya ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Ɗana, ƙwan da anka ba shi, kwanansa nawa?"

Na ce, "Na ranar ne, Inna. Da safen aka kwaso shi."

Ta riƙe haɓa. "Wayyo bawan Allah. Ai ko mai hannu huɗu bai ɓare wanga. Sabon ƙwai riƙe rigarsa yakai, bai saki. Sai ya kwana bakwai, ya kai goma, sannan yanar ciki ta rabu da shi."

Ta tashi ta nuna mini komai a aikace. Ta zuba ƙwai a ƙwaryar ruwa, ta ce wanda ya taso sama baragurbi ne, a yar. Wanda ya kwanta shame-shame sabo ne. Wanda ya zauna ƙasa amma ya ɗan ɗaga gindi, shi ake nema. Ta ce kada a sa shi a ruwan sanyi a ɗora, a bari ruwa ya tafasa tukuna a saka shi da ludayi a hankali. In ya dahu a kwashe shi kai tsaye zuwa ruwan randa, a bar shi ya huce sarai. Wajen fasawa kuma a fara ta gefen mai faɗi, nan iska take, nan yatsa ke samun wurin shiga. Ina ta rubutawa, ta leƙo littafin ta ce, "Rubuta da kyau, kada malaminku ya ba ka sifili."

Da za mu tafi ta zaɓo guda shida ɗanye daga nata, waɗanda suka kwana tara, ta binne su a ƙaiƙayi. Ta ce, "Ka kai ma babanka. Kuma kada ka taɓa mai shi. Ka ba shi abinsa rufe."

A gida sai da na sha fama da mahaifiyata. Ta ce, "Kwantaccen ƙwai zan ba mara lahiya? In anka ji a ce mi?" Na rasa yadda zan yi, sai na kira kawu a waya na buɗe muryar yadda za ta ji, na tambaye shi yadda yake kawo mana ƙwai a shekarun da. Ya ce, "Da ai tarawa nikai, sai ƙwarya ta cika, sati guda ko biyu. Yanzu ne da yake bai da lahiya na ce ba ni kai mai sai na ranar." Da jin haka mahaifiyata ta tashi ta hura wuta da kanta.

Bayan la'asar na ɗauki akushin na shiga. Yana kishingiɗe, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Na ajiye na durƙusa, na yi masa magana mafi tsawo da na taɓa yi masa a rayuwata. Na ce, "Baba, rannan ba hannunka ba ne. Ƙwan ne sabo, ni ma ya ƙi mini. Wannan ya kwana. Ban taɓa shi ba, ka duba."

Ya dube ni, ya dubi akushin. Ya ɗauki guda da hagu ya kai saitin hasken taga, ya juya shi ta kowane gefe kamar yadda yake duba ɗinkin almajiransa na shago. Bai ga tsaga ba. Na ce, "Ta gindin ake farawa." Ya ce, "Ni za ka koya ma?" Amma ta nan ya fara.

Sau uku ya buga kafin ya fashe, don ƙwan zabi akwai taurin ɓawo. Ya sa babban yatsan nan mai rawa. Ya zame. Ya sake sawa, farcen ya shiga ƙarƙashin yanar. Sai na ga ɓawon ya ɗago, ya taho, faffaɗa guda, ya faɗa cikin akushi. Ya ci gaba a hankali, yana hutawa yana komawa. Abin da a da yake yi kafin a ƙifta ido ya ɗauke shi mintuna. Amma ƙwan ya fito sumul, fari tas, ba ko ƙwarzane.

Na zaci baki zai kai. Sai ya mayar da shi tafin hannunsa na dama, ya tallafe da hagu, ya ɗaga murya wajen ƙofa, inda ya san mahaifiyata tana laɓe.

"Ke, zo ki amshi naki."

Ta shigo tana goge ido da bakin mayafi, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Na biyu ya miƙo mini. Na uku ya dangwala a yaji, ya kai bakinsa da yatsu uku na dama, rabin yajin yana zuba a rigarsa. Ba wanda ya motsa ya kakkaɓe masa. Da ya haɗiye ya ce, "Gishirin ya yi kaɗan." Mahaifiyata ta fashe da dariya tana kuka.

Daga ƙwai ya koma dankali, daga nan tuwo, da hannunsa, yana zubarwa yana ci. Bai sake riƙe allura ba. Ya ƙara damina uku tare da mu, kowacce kuma shi ya ɓare mana ƙwai, kafin Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Ba wanda ya yi masa mugunta a cikinmu. Kawu ya bi gurbi da sassafe saboda ƙauna, mahaifiyata ta yi saurin ɗora tukunya saboda ƙauna, ni ma na tsaga ɓawon nan saboda ƙauna. Dukkanmu muna ta ƙoƙarin mu yi masa, shi kuwa abin da yake nema kawai a bar masa wani abu guda da zai yi mana. Tun daga lokacin, in na je gaida mara lafiya, nakan tsaya in duba abin da har yanzu yake iyawa, in janye hannuna daga wurin.

Littafin gwajin yana nan cikin akwatina. Har yau in na sayi ƙwan zabi sai na rubuta ranar a jikin kowanne da fensir, in ajiye su sai sun kwana tara. Abokan zamana suna yi mini dariya, ban cika yi musu bayani ba. In na je gida da damina, ni nake jawo akushin bayan la'asar. Na farko na mahaifiyata ne. Har yanzu da hannu biyu take karɓa.