Faifan da Ke Hagun Tebur

Magogi ake kiransa a layin masu gyaran kwamfuta, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Shekara ashirin da biyu aikinsa ke nan: ofisoshi su kawo masa faifan ajiya na tsofaffin kwamfutocinsu kafin su sayar, ya goge abin da ke ciki yadda ko aljani ba zai tono ba.

Idan wani ya ce ai ya riga ya goge da kansa, sai Magogi ya yi masa kallon tausayi. "Suna kawai ka cire daga ƙofa, malam. Mai ɗakin yana ciki zaune." Shi kuwa sai ya bi kowane lungu na faifan ya rubuta shirme a kai, har zagaye uku, kafin ya sa hannu a takarda.

Doka biyu gare shi. Faifan da ke daman teburinsa na gyara ne, na hagu na gogewa. Kuma ba ya leƙa na hagu ko da wasa, wai sirrin mutane ne. Doka ce mai kyau, sai dai mutumin ya riƙe ta kamar da ita aka haife shi.

Akwai faifai guda da ya ɓoye a gida, cikin akwatin ƙarfe. Muryar matarsa ce a ciki, saƙonnin shekara tara da ya kwashe daga wayarsa bayan rasuwarta: ya taho da sabulu, ina ya jefar da makulli, da dariyar nan tata mai ƙarewa da tari. Ya kulle faifan da kalmar sirri, ya goge na wayar da irin tasa gugar don tsoron ɓarayi. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya. Shekara huɗu bai iya saurara ba, kullum sai ya ce bari zuciya ta yi ƙwari.

Babbar 'yarsa ce ta gaji da jira, don ɗiyarta ta fara wayo tana tambayar kakarta. Wata Laraba ta ɗauko faifan ta kai shago don ya zuba mata muryar a waya. Ta tarar ya fita sallar azahar, sai ta ajiye inda ta ga wuri, ta koma bakin aikinta. Faifan baƙi ne, babu rubutu a jikinsa, sak irin goma sha ɗayan da wani ofishi ya aiko da safe. Da Magogi ya dawo ya ƙirga goma sha biyu, sai ya yi tsaki ya ce masinjan ofishin bai iya lissafi ba, ya jona su duka ya fara gogewa.

Bayan la'asar 'yar tasa ta kira shi.

"Baba, ka ga faifan Mama?"

"A ina kika ajiye?"

"Kusa da fanka."

Fanka a hagu take. Ya dubi allo, ya ga zagaye na uku ya kusa ƙarewa. Ya fizge faifan, alhali ya fi kowa sanin cewa tun zagayen farko an gama.

"Amma Baba, ba kai kake dawo wa mutane da abin da suka goge ba?"

"Abin da suka goge, 'yata. Wannan ni na goge."

Bai yi mata faɗa ba. Sati uku ya yi yana gwada duk wata manhajar tono da ya sani, bai samu ko tari ɗaya ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da ya juya neman muryar a cikin kansa, sai ya tarar kalmomin suna nan amma sautin babu. Ya daɗe da sakin jiki cewa tana cikin akwati. Yanzu idan fanka na juyawa da rana tsaka, yakan ji kamar an kira shi daga bakin ƙofa, ya waiwaya da sauri, ya ga masu wucewa kawai.

Rannan jikar ta haye cinyarsa tana jan gemunsa.

"Tsoho, yaya matarka take magana?"

"Idan zan fita sai ta ce..." Ya gyara murya, ya siranta ta iya ƙoƙarinsa. "Malam, ka sake manta makulli."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai! Ai wannan kai ne."

Ya sake gwadawa, a hankali, idonsa a rufe. Ta girgiza kai.

"Har yanzu kai ne."

"Ni ne," in ji shi.