Ranar da Aka Kifar da Darurrukan Ja-igiya

Kafin masu shagunan layinmu su fito, shi ya riga ya buɗe nasa. Zai ɗaga ƙyauren ƙarfen nan mai kuka, ya share bakin ƙofa, ya fito da benci ya ajiye a inuwa, sannan ya zura rigar aikinsa wadda baƙin mai ya cinye launinta tun tuni. Ba ya taɓa sifana sai ya leƙa darurrukansa ɗaya bayan ɗaya. A jere suke a gindin bango, kowane daro da injin mutum guda a ciki, an warware shi noti-noti. Wannan shi ne mutumin da muke kira Ja-igiya, domin tun muna da baƙin gashi ba mu san shi da wata sana'a ba sai gyaran ƙananan injuna, irin waɗanda sai an ja igiya suke tashi: janareta, injin ban ruwa, na markaɗe, na yankan itace.

Ni mai lambu ne, kuma ba ni da saurin yabo, 'ya'yana shaida ne. Amma yabon gwani ya zama dole, kuma gara a yi wa mutum yana ji da kunnensa da a bari sai ya kau a taru ana cewa ai mutumin kirki ne.

Yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba mu haushi. In ka kai masa inji, ba zai karɓa ya ce je ka dawo ba. Benci zai nuna maka. Sai ka zauna ya buɗe injin a gabanka, ya riƙa ɗago ƙarfe ɗaya-ɗaya yana nuna maka inda ya ci da inda ya ƙone, kafin ya sa a daro. Na sha zama ina ƙuna a rai, ga shuka can tana jiran ruwa. Wata rana ina nan mai markaɗen bayan kasuwa ta kawo nata, mace ce da ba a taka ta ta yi shiru.

Ta ce, "Kai Ja-igiya, na bar mata a layi da bokitai, ka ce in zauna? Makaranta na zo?"

Ya ce, "Makaranta kika zo. Dubi nan. Kin ga wannan zanen a jikin fistin? Ranar da kika bar shi yana aiki ba mai ne ya samu."

"To naka ne?"

"Da nawa ne da bai ga wannan wulaƙanci ba."

Ta yi tsaki, amma ta duba. Kowa ma haka yake yi, ya yi tsaki ya duba.

Ja-igiya, kai ne wanda ba ka taɓa cire sabon ƙarfe daga injin wani ka sa masa tsoho ba. Wani mai yankan itace ya shaida cewa ya taɓa zuwa da niyyar sayen sabuwar kabureta, ka ɗaure masa tsohuwar da 'yar waya ka ce ya tafi, har yau tana aiki. Ni kaina na shaida ranar da injina ya mutu a tsakiyar zafi, ka rufe shago ka bi ni har lambu a ƙafa, ka tsuguna cikin laka ka tada shi. Likitan ƙarfe, ba ka sallamar majinyaci sai ya yi tari ya miƙe.

To, zamani riga ne. 'Yan shekarun nan kayan batir suka shigo. Kafintoci suka koma injin huda katako na caji, masu lambu suka fara sa famfon sola, gidajen da janareta ke kwana yana ruri suka yi tsit. Ban ce abin ba shi da kyau ba, ni ma ɗana ya kawo mini na sola, sai dai ina riƙe da tsohon saboda ranar hadari. Amma darurrukan Ja-igiya suka ragu. In an kawo masa abin batir sai ya ɗaga hannu ya ce, "Abin da ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ban san cutarsa ba." Babban ɗansa, direban babbar mota, ya fara yi masa maganar ya rufe ya huta.

Ana cikin haka sai ga 'yan ta'adi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, layin ya yi shiru, shaguna biyu na gefensa sun tashi. Da farko jifa ce a kan rufin kwano. Sai aka karya allon shagon. Sai aka cusa ƙasa a cikin kwaɗo. Ya yi haƙuri, ya ce yarinta ce. Har wata safiya ya zo ya tarar an ɓalle ƙyauren.

Ba sata suka zo yi ba, da sata ce da na ce yunwa. Ɓarna ce tsagwaronta. Sun fasa ƙwan lantarki, sun tsiyaye baƙin mai a ƙasa, sun sa guduma sun farfasa wani janareta. Abin da ya fi muni, sun bi darurrukan nan kaf sun kifar, suka tattake, suka tara ƙarafan wuri guda kamar shara. Kayan cikin injunan mutane, har da na tsohon injina da na kawo gyara, duk a tsibi ɗaya.

Wanda bai san aikin ba, zai ce ai sai a tsince. Yawancin injunan nan ƙirarsu ɗaya ce, kayan cikinsu kamar tagwaye. Amma kowane fistin ya goge ne da gidansa, kowane bawul ya saba da mazauninsa. In ka sa na wani a na wani, zai tashi, ya yi 'yan kwanaki, ya mutu a hannun mai shi. Ga shi idon Ja-igiya ba kamar da ba. Wasu ya gane, da yawa sun ɓace masa.

Da na iso na same shi zaune a ƙasa a bakin ƙofa, abin da ban taɓa gani ba. Ɗansa yana tsaye a kansa.

Ɗan ya ce, "Baba, a haɗa kowanne da abin da ya shige shi, a sallami mutane, a rufe wurin nan. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ni zan sani. Injin ma zai sani."

"To yaya za a yi?"

Can ya dube ni ya ce, "Mai lambu, amanar mutane ce ta cakuɗe a hannuna. In na fita daga wannan, na gama. Na rufe."

In ya rufe, babu wani mai gyaran irin injunanmu kusa, kuma mu da ba mu da ƙarfin sayen sabo mun shiga uku. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Mutum ya yi aiki tsawon rayuwa da mutunci, a ce 'yan iska ne za su rubuta masa ranar tashi?

Sai ga mai markaɗe, ta zo karɓar injinta, tun daga nesa take faɗa. Da ta ga abin da aka yi ta yi salati, ta tsine wa masu aikin har ta gaji. Sai ta sunkuya kan tsibin, ta sa yatsa tana tonawa, ta ɗago wani fistin ta goge da gefen zaninta.

Ta ce, "Wannan nawa ne."

Ja-igiya ya ɗago kai. "Ta yaya kika sani?"

"Ga zanen da ka yi ta yi mini gori a kansa! Ko a mafarki na gan shi na gane shi. Miƙo mini daro, malam, ka zauna kana kallona kamar an yi maka mutuwa."

Nan take ya miƙe. Ya aika ɗan nasa ya zagaya ya kira duk mai inji a shagon. Kafin rana ta take mun cika wurin, manya da mu, a tsugune muna tonon ƙarfe kamar kaji a juji. Mai yankan itace ya ga kaburetarsa da 'yar wayarta. Ni na gane bawul ɗina da bakinsa da ya ƙone gefe guda, wanda aka taɓa sa ni na riƙe a tafin hannu ina sauraron wa'azi a kansa. Abin dariya, kowa ta wurin aibin kayansa ya gane nasa. Wasu mutum biyu suka kama wani lafiyayyen ƙarfe kowa na cewa nasa ne, mai markaɗe ta ce, "Ku da ba kwa canza mai sai inji ya yi kuka, ina kuka samo mai ƙyalli haka?" Aka yi dariya, suka saki, ashe na wani tela ne da bai iso ba tukuna. Duk abin da mutum ya ɗauka sai Ja-igiya ya karɓa ya gwada a gidansa, ya juya, ya saurara, sannan ya ce sa a daro. Gani ya kori ji. Zaman bencin da muke yi wa tsaki, shi ya fisshe mu.

An ɗauki kwanaki ana wanke ƙasa daga ƙarafan da fetur ana haɗawa. Ba duka aka tsira da su ba, janaretan da aka sa wa guduma bai ƙara tashi ba, kuma har yau ba a kama kowa ba. Amma ranar da ya ja igiyar injin markaɗe, ya yi tari sau biyu ya kama ruri, na ga dattijo ya juya baya yana goge ido da hannun riga, wai hayaƙi ne.

Saura maganar rufewa, domin ya riga ya furta, kuma shi ba ya magana biyu. Ɗansa har ya kawo mota a kwashe kaya. Maiɗakinsa ce ta tare ƙofar gida.

Ta ce, "Ba za a jibge mini ƙarafa a tsakar gida ba. In ka zauna a nan, keken ɗinkina za ka warware, ka sa ni a benci. Malam, koma shagonka, mu zauna lafiya."

Ya koma. Kuma bai koma shi kaɗai ba. Akwai mai gyaran fanka a tsallaken titi, wanda ya san kan waya da batir, yana fama a wata 'yar rumfa mai yoyo. Ja-igiya ya taka da ƙafarsa ya ce masa ya zo su raba shagon, gefe na mai, gefe na wuta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙerin layin ya yi musu sabon ƙyaure mai kauri, masu shaguna suka sa fitila a bakin titi. Yanzu kafinta zai kawo injin cajinsa, mai lambu ya kawo na fetur, duk ƙofa ɗaya.

Ja-igiya, kai ne ka nuna mana cewa gaskiya a sana'a ba asara ba ce, ajiya ce, ranar tsanani ake cin ta. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya ba hannunka ƙarfi, ya sa ka bar shagon nan ranar da kai ka ga dama, ba ranar da wani ɗan ta'adi ya so ba.

Ku kuma masu sana'a, ku daina ɓoye wa mutane cikin kayansu. Iyaye, kowa ya san inda ɗansa yake yini da abin da hannunsa yake taɓawa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsofaffi 'yan'uwana masu cewa zamani ya wuce mu, ku je ku leƙa. Shekaranjiya na wuce na tarar da Ja-igiya da tabarau a hanci, ya buɗe wani injin batir, mai fanka wanda bai kai sa'an ɗansa ba yana tsaye a kansa yana cewa, "A'a Baba, ba nan ba, jar wayar za ka fara cirewa."

Na ce, "Ja-igiya, yau kai ake koya wa?"

Bai ko ɗago ba ya ce, "Gemu ba ya hana ilimi. Matsa, ka tare mini haske."