Tsumman Tagar Kaka

Har na kai shekara tara ban taɓa jin ƙarshen tatsuniyar Kaka ko sau ɗaya ba, kuma na daɗe ina zargin tsohuwar da hannu a ciki.

A Birnin Tudu muke, bakin gonakin shinkafa, inda sauro yake da girman ɗan tsako. Saboda shi, ana idar da magariba Kaka za ta tara mu a ɗakinta, ta ja ƙyaure, ta cusa tsohon zani a 'yar tagar. Kaskon garwashi a tsakiya, maganin sauro yana ci a gefe, ta barbaɗa turare a kai. Sai ta ce, "Ga ta nan ta iso ƙofa." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta."

Kullum labarin bushiya ne, wadda ake satar mata gero a rumbu. Ta tuhumi kurege, ta tuhumi gafiya, ta toshe kowane rami. Daga nan kaina zai yi nauyi kamar an ɗora mini turmi, sai dai in farka da safe da ciwon kai. Na gaya wa yara cewa Kaka ba ta san ƙarshen ba, wani abu take zubawa a kasko don mu yi barci.

Ita ma tana da nata zargin. Ƙanwata Nana, da take kwana a bayanta, tari ya hana ta sakat, ƙirjinta yana fito kamar usur. Kaka ta rantse idon maƙwabciyarmu ne.

Ranar da maganata ta kai kunnen Kaka, ta nuna mini ƙofa. "Fita, angon banza. Wanga yaro mi na yi mai?"

Na zagaya bayan ɗaki, na hau turmi, na zare zanin da ke tagar don in saurara. Hayaƙin da ya mare ni, da akuya ce da ta gasu. Na tsaya ina hawaye, shi kuma yana ta fita. Ranar ba wanda ya yi barci, dole Kaka ta ƙarasa: ashe ƙwaro ne a cikin geron, bushiya ta rufe rumbu da ɓarawonta.

Nana ba ta yi tari ba sai sau biyu. Baba ya ji labari, ya kai ta asibitin Mafara, aka ce a raba ta da hayaƙi. Aka sa wa tagar raga, kasko ya koma tsakar gida.

Yanzu ina ajin ƙarshe a sakandare, Nana tana tsere da maza. Nakan tuna yadda muka tuhumi kowa, ban da abin da muke miƙa wa hannu muna jin ɗumi. Kaka dai har yau ba ta gaida maƙwabciyar da kyau, kuma ta ce ni na sace mata zani. Wannan kam gaskiyarta.