Kwalayen Jiragen Hamad

Mutanen unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira sun san Hamad da gyaran fanka da kuma ciwon baya. Abu na ukun sai wanda ya jure hawa benen gidansu har sama ne ya san shi. Jiragen ƙasa ne 'yan mitsi-mitsi, kan jirgi bai wuce tafin hannu ba, suna zagaya wani tebur da ya haɗa da tsohuwar ƙofa, ya cinye rabin falo. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne a Atbara, can Sudan. Hamad bai gaji aikin ba, son abin kawai ya gada.

Ya zo Alƙahira da niyyar yin 'yan shekaru ya koma, ga shi furfura ta same shi a nan. Duk ran da ya samu sarari yakan tafi Kasuwar Juma'a ya tono tarago ɗaya cikin tarkace, kuma ba ya saye sai da kwalinsa na asali, da farin soson nan da aka fafe daidai jikin jirgin. Jirgi ya hau tebur, kwali ya shiga ƙaramin ɗaki. A haka kwalaye suka samu ɗaki nasu na kansu, abin da ko ɗalibin Azhar bai cika samu ba.

Wani Bamisire mai sayar da su ya taɓa ce masa jirgin da ya rabu da kwalinsa darajarsa ta zube. Hamad ya gyaɗa kai kawai, don shi ba sayarwa zai yi ba. Lissafinsa ɗaya ne: ranar komawa gida, a me zai zuba su? Hanyar Sudan ba ta da tausayin ƙaramin tarago.

Sai yaƙi ya taso mahaifiyarsa. Aka bugo waya cewa Inna ta iso Aswan, kudancin Masar, jibi tana tafe.

Matarsa Tagwa ta tsaya a ƙofar ƙaramin ɗakin, hannu a ƙugu, ta kira shi da alkunyarsa.

"Abu Reem, a wane kwali za mu kwantar da Inna? In zaɓa mata mai soso."

"Tagwa, don Allah. Bayana na ciwo."

"Ma'alish, sai haƙuri. Nawa ma ba na roba ba ne. Ka zaɓi ɗaya. Ko ka mai da jiragen cikin kwalayensu ka naɗe teburin, mu jibge su a wurinsa, ko teburin ya zauna kwalayen su sauka ƙasa. Gidan nan ba zai ɗauki duka biyun da tsohuwa ba."

"In na zubar, ranar tafiya fa?"

Tagwa ta dube shi, muryarta ta sauka. "Tafiya ina, ya Hamad? Wadda za mu koma wurinta ita ce ke cikin mota tana zuwa."

Hamad ya gwada shawarar farko, don a ce ya gwada. Ya ɗauko kan jirgi ɗaya, ya kwantar da shi cikin sosonsa, ya rufe. Jirgin ya zauna daram, ko motsi ba ya yi. Hamad ya daɗe riƙe da kwalin a cinya. Mutum ya wuni yana shaƙar ƙurar fankar mutane, ya hawo benen nan da ƙyar, sannan ya tarar da jiragensa a rufe suna jiran tafiyar da ba ta da rana? Ya buɗe kwalin ya mai da jirgin kan layinsa.

Washegari da hantsi mai sayen tarkace ya shigo lungu da amalankensa yana "Bikya! Bikya!" Hamad ya leƙa ta baranda ya kira shi. Da kwandon igiyar da Tagwa ke jawo burodi ya riƙa sauke kwalayen, a hankali, kamar ƙwai ne a ciki. Mutumin ya girgiza na farko, ya ɗaga kai.

"Ya hajj, ina abin cikin?"

"Yana sama."

"To me na saya, iska?"

Ya sa ƙafa ya take kwalin, ya baje shi, ya jefa a amalanke. Hamad ya runtse ido. Na biyu ma haka. Daga nan Tagwa ta karɓi igiyar, ta ƙarasa aikin, shi kuwa ya koma ciki yana dafe da ƙugu.

Ɗakin ya fito fili, ashe ma da taga. Suka shigo da gadon da maƙwabta suka ba su aro, ya shiga cif.

"Khalas, shi ke nan," in ji Tagwa. "Saura inda za ta rataya tufafinta. Buga mata ƙusa a nan."

Hamad ya dubi bangon, ya yi ajiyar zuciya, ya je ya ɗauko guduma.

"Nan?"

"Ƙasa kaɗan. Inna gajeruwa ce."